Hannun Hagun Nerio Zattoni

Nerio Zattoni ya yi shekara talatin da ɗoriya yana alƙalancin sofbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, a yankinmu, kuma ban san mutum ɗaya da ya taɓa gayyatarsa shan kofi ba. Ni ce Nives mai sayar da piadina, gurasar kasko da ake naɗe cuku a ciki, a rumfar da ke bayan ragar filin Fossarola, tun lokacin da gwiwata ta ƙi na ajiye wasa. Saboda haka ƙeyarsa na fi sani. Daga Afrilu zuwa Satumba ina kallonta duk Lahadi, yana duƙe a bayan mai cafe ƙwallo, shuɗiyar rigarsa ta sha guga har tana ƙyalli.

Ubansa mai gadin mashigar jirgin ƙasa ne, a ɗan jan gidan nan na hanyar kogi. Aikinsa ya sauke ƙarfe in jirgi zai wuce, ya ɗaga in ya wuce. Shi ya sa ake ce wa gidansu gidan Shinge, sunan kuma ya bi Nerio har furfura. Shi bai shiga aikin jirgi ba. Motar ɗaga kaya ya tuƙa a rumbun ƙungiyar manoma, yana jera akwatunan tuffa da kankana har ya yi ritaya. A can ba wanda ya damu da shi, manaja ma ya daɗe yana ce masa Mario. Matarsa Loredana ta haɗa kayanta ta koma wajen yayarta a bakin teku, ta ce ta gaji da mutumin da ko gishirin miya sai ya yanke masa hukunci. Ɗansu ɗaya yana Jamus, yana bugo waya ranar Kirsimeti. Abin da ya rage wa Nerio a duniya shi ne Lahadi, ranar da in ya buɗe baki dole kowa ya bi.

Dokokin wasan duk ya haddace su, amma guda ɗaya ya aura. Yarinya ta doki ƙwallo da sanda, ta ruga tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta dawo gida, an ci maki ke nan. In masu tsaro suka taɓa ta da ƙwallo a hanya, ta fita. To amma mai tsaron da ba ta riƙe da ƙwallo ba ta da ikon tsayawa a gaban mai gudu. Wannan shi ne tare hanya. In alƙali ya gani, ba ya tsayar da wasa. Sai ya miƙe hannunsa na hagu daga kafaɗa, a dunƙule, ya riƙe shi a haka wasa yana ci gaba, in ƙura ta lafa ya ba yarinyar tashar da da ta kai in ba a tare ta ba. Hannun dama na fitarwa ne. Na hagu shi ne na wadda aka zalunta.

Ba a taɓa yin mai miƙe wannan hannu irin Nerio ba. Wasu alƙalan kan ɗan ɗaga shi kamar suna jin kunya. Shi kuwa fitar da shi yake yi tsaf, ya riƙe ko motsi babu, har na kan benci na ƙarshe ya gani. Kuma yana jin daɗin abin, wannan kowa ya sani. In ya kama yarinya ta tare hanya, bayar da tashar ba ta isarsa, sai ya tako har gabanta ya tambaye ta ko filin gadon kakarta ne. Na ga 'yan shekara goma sha biyu suna kuka a bayan rumfata saboda bakinsa. Gaskiyarsa ce kusan kullum, amma gaskiyar Nerio irin wadda take sa ka tsani gaskiya ce.

Mutum ɗaya na san ya sassauta wa, Noemi Ravaglia, 'yar maƙwabciyarsa Marisa. Ubanta ya mutu tana ƙarama, sai ta riƙa bin Nerio fili tana ɗaukar masa jakar ƙwallaye. Shi ya koya mata zamewa a gida, wato ta jefa ƙafa gaba ta sulale a ƙasa ta taɓa farantin da ke alamar gida. Na sha jinsa yana gaya mata a bakin rumfata.

"Ke, saurara. Hanya taki ce. Wadda ba ta da ƙwallo ba ta isa ta tsaya miki ba. Kada ki kauce, kada ki rage gudu. Ki tafi kai tsaye ki zame."

"In ta ƙi matsawa fa, Kawu?"

"Wannan aikina ne. Ke dai ki tafi, ni zan gani."

Ta kuwa riƙe maganar. Da ta girma babu mai gudunta a ƙungiyar garinmu, kuma ba ta san kaucewa ba.

Sai Sauro Minguzzi, kocin 'yan matan Castelvado, garin da ke tsallaken gada. Mahauci ne, ƙato, mai fara'a da yawan kyauta, irin mutumin da yake tuna sunan jikanka da ranar da aka yi maka aikin ido. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne sauran abubuwa ma haka yake tuna su. A da doka ta yarda mai cafe ta durƙusa a gaban gida in ƙwallo na gab da isowa hannunta, haka aka koya mana duka. Sai aka canza, aka ce sai ƙwallon yana hannunta tukuna. A shekarar da aka canza, Castelvado ta kai wasan ƙarshe na hawa rukuni na sama, mai cafen Sauro ta durƙusa yadda ta saba, Nerio ya miƙe hannu ya ba da makin, wasa ya ƙare a kansu.

Sauro ya fito yana gardama. Da Nerio ya kore shi kawai, da an manta. Amma sai ya cire garkuwar fuskarsa, ya ɗaga murya yadda duk fili zai ji.

"Ka ba wani ya karanta maka dokar, Sauro, tunda kai karatu ya tsaya maka a tambarin naman sa."

Kowa ya san Sauro bai gama firamare ba. Aka yi dariya, har da mutanen garinsa. Nerio ya harɗe hannu ya ƙi sallamar fili sai da mutumin ya taka shi kaɗai ya wuce wurin ajiye motoci. Sauro bai sake ta da maganar ba. Duk Ista yana aiko wa Nerio da tsokar rago, Nerio kuma yana karɓa, yana ganin ai mutumin ya san ya yi kuskure.

Shekaru suka wuce a haka. Wani sanyi, cikin Janairu, hawan jini ya bugi Nerio a ɗakinsa. Bai yi tsanani ba. Ya yi 'yan kwanaki a asibitin birni, ya dawo ya ce wa mutane basur aka yanke masa, don ya san babu mai neman ƙarin bayani a kan basur. Bakinsa ya koma daidai, ƙafarsa ma. Hannun hagu ne ya ƙi. Yatsu suna riƙe abu, gwiwar hannu tana lanƙwasawa, amma daga kafaɗa ba ya wuce ƙugu. Nerio ya tabbatar wa kansa cewa in hukumar wasa ta ji, za ta karɓi shuɗiyar rigar ta zaunar da shi. Bai tambayi kowa ba, ya yanke wa kansa hukunci kamar yadda ya saba.

Ya kwashe sauran sanyin yana koyon ɓoyewa. Alamar cewa mai gudu ta tsira, wadda ake ware hannu biyu, ya koyi yinta ƙasa-ƙasa da sauri, yana wurga hannun da ƙarfin jiki, ya bi ta da tsawa, kafin ido ya tantance an wuce wurin. Sauran alamomi ya mayar da su baki da hannun dama. Alamar tare hanya ce kaɗai ba ta wurguwa, sai an miƙe an riƙe. Yana iya faɗa da baki kawai, hukuncin zai tsaya. Amma Shinge ya ce an tare hanya hannunsa yana rataye a gefe? Ko jariri zai tambayi me ya faru. A ƙananan wasanni irin namu kuma yawanci alƙali ɗaya ake turowa, babu na biyun da zai ɗaga a madadinsa. Sai ya zaɓi ya daina gani.

Abu ɗaya ya manta. Alƙali da hagu yake cire garkuwar fuska, don dama ta zauna a shirye ta yanke hukunci. Wannan tun ranar farko ake koya wa mutum, jiki ya saba har ba a tunani. A wasan farko na Afrilu, mu da Castelvado, ƙwallo ya tashi sama, Nerio ya fizge garkuwa da dama. Ni ban kawo komai a raina ba. Amma na ga Sauro ya daina tauna abin da yake tauna.

A turmi na gaba mai tsaron tasha ta ɗaya ta Castelvado ta tsaya a kan hanya hannunta wayam, yarinyarmu ta yi karo da kafaɗarta ta yi tangaɗi. Duk fili ya juya yana jiran hannun. Nerio ya duƙa yana share farantin gida da ɗan burushinsa. Sauro ya sa aka sake gwadawa a tasha ta uku. Hannun bai tashi ba. Da aka tashi ya zo rumfata yana murmushi.

"Nives, ba ni biyu, da cuku da yawa. Ɗaya ta alƙali ce. Ranka ya daɗe, yau ka yi aiki."

Ya miƙa wa Nerio piadinar ta wajen hagu, a sama, daidai kafaɗa. Nerio ya juyo da jikinsa duka ya karɓa da dama. Sauro ya bubbuga bayansa ya tafi yana fito.

Wani mutum da ya kai ƙara, a sauke tsohon a huta. Sauro ba haka yake ba. Ya je wajen jami'in da ke raba alƙalai ya ce shi fa duk wasanninsa Zattoni yake so, tsofaffin hannu sun fi yaran nan. Ya koma ya koya wa 'yan matansa tsohuwar hanya da ma wadda ta fi ta muni: a tsaya a kusurwar tasha, a miƙa ƙafa, a durƙusa a gaban gida tun ƙwallo yana can bakin shinge. Magana ba ta kwana a yankinmu. Kafin watan Yuni kowane koci ya sani, kowace yarinya ta sani, har direbobin motocin ƙungiyoyi. In an ji Shinge ne zai hura, sai a ce yau babu hanya, kowa ta nemi tata. 'Yan mata suka riƙa dawowa gida da gwiwa a kumbure da leɓe a fashe.

Shi kuma sai ga mutane sun fara sakar masa fuska. Kocin da ya shekara ashirin ba ya gaishe shi ya fara cewa ranka ya daɗe. Samari suna wucewa a keke suna ɗaga masa hannu daga hagunsa, suna cewa, "Kawu Nerio, ba ka amsa gaisuwa ne?" Yana gyaɗa musu kai da ɗan murmushi. Abin da ya fi cina shi ne murmushin nan. Mutumin ya ɗauka tsufa ne ya jawo masa girma.

Ni ba na iya riƙe magana, ban kuma yi niyyar koya da tsufana ba. Wata Lahadi bayan wasa, fili ya watse, na kira shi.

"Nerio, zo nan. Hannunka ba ya ɗagawa."

"Wane hannu?"

"Kada ka raina mini hankali. Kowa ya sani. Sauro ya sani tun Afrilu, shi ya sa yake nemanka. Wasa suke yi da kai, yara kuma suna jin ciwo."

Fuskarsa ta yi fari, sannan ta yi ja. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa yarinyar da ta tare hanya.

"Ke dai ki ji da kaskonki. Ba a tare kowa ba, shi ya sa ban ɗaga ba. Bana yara sun gyaru."

"To ɗaga mu gani."

"Ba na ɗaga hannu don mai tuya ta ce in ɗaga."

Daga ranar ya riƙa zuwa da burodinsa a takarda. Na je wajen jami'in raba alƙalai na gaya masa komai. Ya saurare ni yana duba agogo, ya ce alƙalai huɗu gare shi a yankin gaba ɗaya, kuma a tarihinsa bana ce shekarar farko da babu kocin da ya kawo ƙarar Zattoni. Ya tambaye ni ko ni koci ce. Na gaya wa kocinmu, ya ce ai mu ma muna tarewa in ta kama, kowa ya samu. Na gaya wa Noemi ta riƙa kaucewa. Ta yi dariya.

"Haba Goggo Nives. A kan wasu ne yake kau da kai. A gida, a gaban idonsa, ni ce fa."

Shekararta goma sha takwas, kuma an ce masu neman 'yan wasa daga wata babbar ƙungiya ta birni za su zo su gan ta a wasan ƙarshe.

Wasan ƙarshen ya faɗo a filinmu cikin Satumba, mu da Castelvado, wanda ya ci ya hau rukuni na sama. Ko a irin wannan rana alƙali ɗaya aka turo, don ɗayan ya tafi bikin ƙanwarsa. Rana ta yi zafi, na sayar da komai har da kankanar da na ajiye wa kaina. A turmi na bakwai, na ƙarshe, suna gabanmu da maki ɗaya, an fitar mana da biyu, saura ɗaya wasa ya ƙare. Noemi tana tasha ta biyu. Yarinyarmu ta doki ƙwallo ya tsallake kan masu tsaro ya gangara can waje.

Noemi ta zagayo ta uku ba ta ko dubi koci ba. Mai cafen Castelvado, wata ƙatuwar yarinya mai suna Debora, ta fito gaban gida ta dasa gwiwa a kan layi, sulken ƙwaurinta ya rufe farantin gaba ɗaya. Ƙwallo a lokacin bai ma bar hannun mai jefowa daga waje ba. Makaho ma zai ji an tare hanya. Noemi ba ta kauce ba, ba ta rage gudu ba, ta jefa ƙafa ta zame kai tsaye. Na ji ƙarar daga rumfata, kamar an karya busasshen reshe. Sai bayan nan ƙwallo ya iso, Debora ta cafe, ta ɗora shi a kan cinyar yarinyar da ke kwance.

Babu mai kallon Noemi, kowa kafaɗar hagun Nerio yake kallo. Yana tsaye a kansu, garkuwa a hannun dama. Na ga kafaɗar ta motsa, na rantse ta motsa. Kalma biyu kawai ake nema daga bakinsa, ko da hannun bai tashi ba, maki ya shiga, wasa ya koma kunnen doki. Ya dubi yarinyar, ita ma shi take kallo, ba ta ma fara kuka ba. Ya dubi benci cike da mutane. Sai ya saki garkuwa ta faɗi ƙasa, ya ɗaga hannun dama a dunƙule.

"Ta fita."

'Yan Castelvado suka rugo suna tsalle, suna tsallake ta. Debora ce kaɗai ta zauna a ƙasa ta riƙe kanta. Na tsani Nerio a wannan lokacin fiye da yadda na taɓa tsanar Sauro, na kuma faɗa masa ta cikin raga da kalmomin da ba zan maimaita ba. Bai waiwayo ba. Ya ɗauki burushinsa, sai ya ga ba halin share farantin don ƙafar yarinyar tana kai, ya mayar da shi aljihu.

Idon sawun ya karye wuri biyu, aka sa ƙarfe da kusoshi. Masu neman 'yan wasa suka koma birni tun kafin motar asibiti ta fita. Bayan an sallamo ta na kai wa Marisa romon kaza, ina zaune a kicin aka ƙwanƙwasa. Nerio ne, da akwatin tuffa a tallafe da ƙugunsa na dama. Marisa ta so ta rufe ƙofa, Noemi ta ce a bar shi ya shigo. Ya ajiye akwatin, ya tsaya a tsakar ɗaki.

"Ya jikin?"

"Ka ce za ka gani, Kawu."

"Ƙwallo ya riga ki."

"Bai riga ni ba."

"Daga inda nake haka na gani. Ƙura ta tashi."

"Idonka yana kaina. Ni ma ina kallonka." Ta gyara ƙafar a kan matashi. "Ai da ka faɗa da baki. Babu wanda zai yi mamakin hannun, kowa ya sani."

"Babu abin da ya sami hannuna," in ji Nerio. "Nives ce take yawo da wannan maganar."

Noemi ta ce wa uwarta ta kunna mata talabijin. Ya ɗan ƙara tsayuwa, ba wanda ya ce ya zauna, ya fita. Marisa ta kai tuffar coci aka raba.

Cikin Nuwamba ake yin walimar rufe kaka, cin rana a zauren ƙungiyar manoma, kociyoyi da alƙalai da iyalansu. Ni da mata biyu muke naɗe cappelletti, 'yar taliyar nan mai nama a ciki da ake ci da romo, tun jajibiri. Al'ada ce kociyoyi su zaɓi alƙalin shekara a ba shi ɗan allon katako mai farantin tagulla. Nerio bai taɓa samu ba, ko kusa. A wannan shekara aka aika masa cewa ya zo da shiri. Ya zo da kwat ɗin aurensa, ta yi masa yawa a kafaɗa, ya yi aski, har da turare. Na zuba masa romo, ya ce na gode, maganarsa ta farko da ni tun Yuni. Farin ciki yake yi. Ya ɗauka abin da ya biya a gaban gida ya saya masa wannan rana.

Bayan gasasshen nama, an sha jan giya an ƙoshi, Sauro ya miƙe ya buga cokali a jikin kofi.

"Jama'a, ni ba mai karatu ba ne, wani babban mutum ya taɓa tuna mini da haka a gaban jama'a. Saboda haka ba zan yi dogon jawabi ba. Bana duk mun haɗu a kan mutum ɗaya, ba ko ƙuri'a ɗaya da ta kauce. Alƙalin da ya bar yara suka yi wasa. Alƙalin da bai tare wa kowa hanya ba. Ranka ya daɗe, taso."

Aka yi tafi. Nerio ya taso, ya karɓi allon da dama, idonsa ya kawo ruwa. Ya buɗe baki zai yi godiya. Sai Sauro ya zagaya ta hagunsa, ya kama wuyan hannun da tattausan riƙo, yadda ake ɗaga hannun wanda ya ci dambe. Amma bai kai shi sama ba. Ya miƙe shi gefe daidai kafaɗa, ya dunƙule masa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya juya shi ga zaure.

"Mun yi kewar wannan, ko ba haka ba? A ɗauki hoto. Riƙe nan, alƙali."

Ya saki. Hannun ya faɗo ya daki gefen tebur, kofi ya kife, giya ta bi farin ƙyalle ta zubo kan wandonsa.

Aka fashe da dariya. Ba duka ba, wasu matan sun sunkuyar da kai, amma dariyar ta isa. Nerio ya tsaya yana bin fuskoki da kallo, tebur bayan tebur. Na san abin da yake nema, mutum ɗaya da abin ya zo masa a bazata. Kociyoyi, matansu, alƙalai 'yan'uwansa, jami'in da ke raba su, har yaran da ke kwashe faranti, bai samu ko ɗaya ba. Da idonsa ya zo kaina ban kau da kai ba, kuma tausayinsa da na ji bai kai yadda na zata ba, don ina tuna ƙarar ƙashin nan.

Na ɗauka zai ajiye allon ya fita. Kowane mutum mai sauran kunya haka zai yi. Jami'in raba alƙalai ya share hawayen dariya, ya ɗago kofinsa.

"To, Zattoni, baɗi kana nan ko? Duk sun ce kai suke so."

Nerio ya dubi allon da ke hannunsa. A gida babu abin da ke jiransa sai ɗaki da dutsen guga.

"Ina nan," ya ce.

Ya koma kujerarsa da jiƙaƙƙen wando, ya jingina allon da kwalbar ruwa, ya cinye abin da ke farantinsa har da kek. Noemi tana aiki yanzu a kantin magani, tana ɗan ɗingishi in an yi sanyi, ba ta kuma sake taka filin ba. Nerio ya ƙara shekara huɗu yana alƙalanci, kuma a cikinsu babu kocin da ya taɓa kai ƙararsa.